Daga gona zuwa kalanda: tarihin kalmar Ingilishi « season » da ma'anoninta

0. Gabatarwa

Kalmar « season » tana cikin kalmomin farko da ɗalibi ke karo da su in ya soma koyon Ingilishi a koleji. Akan ba shi ita tare da sunaye huɗu, « spring », « summer », « autumn » da « winter », a ce masa daidai take da « saison » ta Faransanci, sai a wuce. Wahala takan ɓullo daga baya, ranar da ya tarar da ita cikin littafin girki tana nufin zuba gishiri da yaji, ko a bakin kafinta tana nufin busar da katako, ko cikin tarihin cinikin bayi tana nufin abin da ya fi waɗannan muni. Mai fassara zuwa Hausa kuwa, a gidan rediyo yake ko wajen tsara littattafan makarantu masu koyarwa da harsunan ƙasa, tilas ne ya zaɓi kalma, kuma in bai san abin da ya haɗa waɗannan ma'anoni ba, zaɓin nasa kirdado ne.

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun kalmar tun daga Latin har zuwa Ingilishin yau. Abin da muke son nunawa shi ne cewa ma'anar « ɗaya daga cikin sassa huɗu na shekara », wadda makaranta ke sa wa gaba, reshe ce kawai. Gindin kalmar shi ne « lokacin da ya dace da wani aiki », kuma daga nan ne sauran ma'anonin suka tsiro. Tun da a ƙasarmu kalmar « Turanci » takan nufi Faransanci, za mu riƙa cewa Ingilishi da Faransanci domin kauce wa ruɗani.

1. Tushen kalmar a cikin Latin

In Romawa suna son ambaton sassan shekara, sukan ce « tempora anni », wato lokutan shekara, su kuma kira kowane da sunansa: « ver », « aestas », « autumnus », « hiems ». Kalmar da ta haifi « saison » da « season » ba ta cikin wannan jeri. Tana fagen noma, ita ce « satio », sunan aiki da aka ƙira daga aikatau « serere », wato shibkawa ko dasawa. « Satio » aikin ne shi kansa: zuba iri cikin ƙasa ko dasa kurangar inabi. A wannan fage take zuwa cikin Georgica, waƙar noma da Virgile ya kammala wajen shekara ta 29 kafin Miladiyya, da kuma littafin noma na Columella na ƙarni na 1.

Saiwar da ke ƙarƙashin « serere » tsohuwa ce cikin dangin harsunan Indo-Turai, masana sukan rubuta ta *sē-. Ita ce ta ba Latin « semen », iri, ta ba Faransanci « semer » da « semence », har ma da « séminaire », wanda asalinsa wurin renon dashe ne. A ɓangaren harsunan Jamusawa ita ce ta ba Ingilishi « sow », shibkawa, da « seed », iri. Ke nan lokacin da Ingilishi ya aro « season », ƴar'uwar kalmominsa na gado ce ya karɓo ta wata hanya.

Sauyin ma'anar ya faru mataki biyu. Da farko sunan aiki ya koma sunan lokacin da ake yin aikin. Wannan abu ne da ake samu ko'ina manoma ke auna lokaci da ayyukansu. Mu ma mukan ce an yi abu « kafin shibka » ko « bayan maimai », ba tare da mun ambaci kalmar lokaci ba. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa: daga lokacin shibka zuwa kowane lokaci da ya dace da wani aiki, daga nan zuwa kowane sashe na shekara.

Harsunan da suka fito daga Latin sun adana matakan nan. A harshen Katalan « saó » tana nufin halin da ƙasa ke ciki bayan ruwa ya sauka, ta yi danshin da ya isa shibka, tana kuma nufin nunar ɗiyan itace. A Ispaniyanci « sazón » tana nufin nuna, da lokacin da ya dace, da ɗanɗanon abinci. Amma domin sassa huɗu na shekara, Ispaniyanci « estación » yake cewa, Italiyanci kuma « stagione », duka biyu daga wata kalmar Latin daban, « statio », wato tsayawa ko matsaya. An taɓa samun masu ra'ayin cewa « saison » ma daga « statio » take. Ƙa'idar sauti ba ta goyi bayansu ba, domin kalmar Latin mai farawa da st- takan ba da ét- a Faransanci: « stabulum » ta ba da « étable », « stella » ta ba da « étoile ».

2. Daga « sationem » zuwa « saison »

Yawancin sunayen Faransanci sun fito ne daga sigar da suna ke ɗauka a Latin in shi ne karɓau (accusatif). Don haka mafarin lissafinmu « sationem » ne. A bakin mutanen Gol, gaɓar -ti- da ke tsakanin wasula ta yi laushi ta koma z, ta kuma jefa wani ɗan sautin i cikin gaɓar da ke gabanta. Ƙarshen kalmar ya zube. Ba « saison » kaɗai ta bi wannan hanya ba, kamar yadda jerin nan ke nunawa, daga Latin zuwa Faransanci zuwa Ingilishi:

rationem > raison > reason
potionem > poison > poison
traditionem > trahison > treason
sationem > saison > season

Abin lura shi ne ukun farko suna da tagwaye. Malamai masu karatun Latin sun sake ɗauko su daga littafi suka shigar da su kusan yadda suke: « ration », « potion », « tradition ». Ta huɗu ba ta da irin wannan tagwai da ya zauna cikin harshen yau da kullum. Ta bakin jama'a ta biyo, ƙarni bayan ƙarni, kuma wannan ya dace da kalmar da manoma suka rena.

3. Shigarta Ingila

A shekara ta 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi bayan gwabzawar Hastings. Daga nan har kusan ƙarni uku, wani karin Faransanci, wanda ake kira Anglo-Norman, shi ne harshen fada da na shari'a da na manyan masu ƙasa, Ingilishi kuwa ya zauna harshen talakawa. Aron kalmomi bai yi yawa nan da nan ba. Ya fi ƙarfi tsakanin 1250 da 1400, sa'ad da jikokin Normanawa suka riƙa komawa ga Ingilishi suna ɗauke da kalmomin da suka saba da su. Dokar 1362, wadda ta umarci a riƙa yin shari'a da Ingilishi a kotuna, alama ce ta wannan juyi. Cikin wannan zamani ne, wajen shekara ta 1300, « season » ta bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi, da rubutu iri-iri kamar « sesoun » da « seson ». Kafin ƙarni na 14 ya ƙare ta zauna daram: tana cikin layin farko na Piers Plowman na Langland, haɗe da sunan lokacin zafi, tana kuma cikin gabatarwar Canterbury Tales na Chaucer.

Abubuwa biyu suka nesanta furucinta da na Faransanci. Na farko, Faransanci yana ɗora nauyin murya bisa gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa ya fi son ta farko. Da nauyin ya koma gaba, sai gaɓar ƙarshe ta raunana har wasalinta ya kusa ɓacewa. Na biyu, dogon wasalin e buɗaɗɗe na gaɓar farko, wanda aka zo ana rubutawa ea, ya faɗa cikin babban gocin wasula da ya sami Ingilishi tun daga ƙarni na 15. Ya yi ta hawa har ya zama dogon i wajen 1700, kamar yadda ya faru ga « sea » da « meat » da « reason ». Shi ya sa yau ake jin wani abu kamar « sizin », alhali rubutun yana riƙe da furucin da aka bari tun ƙarnoni.

4. Kalmomin da ta tarar da waɗanda ta ture

Tsohon Ingilishi yana da kalmarsa ta lokaci, « tid », ƴar'uwar « Zeit » ta Jamusanci. Da « season » ta shigo, sai « tid » ta ƙuntata. Yau « tide » tana nufin cikowa da janyewar teku, kuma tsohuwar ma'anarta ta rage ne cikin ƴan kalmomi kamar « Eastertide », lokacin bikin Ista.

Game da rabon shekara, malamin nan Bede ya rubuta cikin littafinsa na lissafin lokaci, a shekara ta 725, cewa kakanninsa kashi biyu suke raba shekara, sanyi da zafi. Hasali ma da « winter » suke ƙidayar shekarun mutum, kamar yadda makiyayi ke ƙidayar na dabba da damana. Wannan ya bayyana abin da ake gani cikin sunaye huɗun: « summer » da « winter » ba su motsa ba fiye da shekara dubu, sauran biyun kuwa sun yi ta sauyawa.

Lokacin da ke bin sanyi ana kiransa « lencten », kalma mai dangantaka da tsawo, saboda yini yana ƙara tsawo. Tun da azumin Kirista na kwana 40 cikinsa yake faɗowa, sai sunan ya manne wa azumin ya zama « Lent », lokacin kuma ya nemi wani suna. A ƙarni na 16 « spring » ta zauna, daga aikatau mai nufin ɓullowa ko tsirowa. Lokacin da ke bin zafi kuma ana kiransa « hærfest », wadda saiwarta ke da dangantaka da « carpere » ta Latin, tsinkewa. A nan an yi akasin abin da ya sami « satio »: sunan lokaci ne ya koma sunan aiki, har « harvest » ta zama girbi kawai, alhali « Herbst » ta Jamusanci tana riƙe da ma'anar lokaci. Kalmomi biyu suka yi takarar gurbin: « autumn », wadda ta zo daga Latin ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 14, da « fall », wato zubar ganye, ta ƙarni na 16. Ingila ta ƙare bisa ta farko; ta biyu ta ƙetare teku tare da masu ƙaura, ita ce ta fi yawa a Amurka.

Rabon huɗu kusan daidai wa daida, mai farawa wajen 20 ga Maris, 21 ga Yuni, 22 ko 23 ga Satumba da 21 ga Disamba, lissafin masana taurari ne, bisa karkatar duniya ta kimanin digiri 23 da rabi. Masana yanayi ma ba su bi shi ba, sukan fara nasu ranar 1 ga Maris, Yuni, Satumba da Disamba domin sauƙin tara alƙaluma.

5. « Season » a matsayin aikatau: nuna, ɗanɗano da sabo

Ma'anar da ta fi ba ɗalibi mamaki ita ce ta girki. Ta shigo Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, inda dangin « assaisonner » ke nufin kai abu ga lokacinsa, wato nunar da shi. Ɗan itacen da ya kai lokacinsa shi ne mai daɗi. Daga nan aka ɗauki kalmar aka ba duk abin da ke kai abinci ga daɗinsa, ko da ba lokaci ne ya yi aikin ba, gishiri ne ko yaji. « Seasoning » ke nan, kayan ɗanɗano. « Sazón » ta Ispaniyanci, wadda muka gani a sama, ta bi wannan hanya ita ma.

A ƙarni na 16 aka soma amfani da aikatau ɗin ga itace. Ɗanyen katako yana cike da ruwa, in an yi aiki da shi sai ya kantare ko ya tsage ko ya ruɓe, kuma ga ƙasar da ƙarfinta ke bisa jiragen ruwa na katako wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Akan jera katakon a inuwa iska tana ratsa shi. Ƙa'idar da kafintoci suka gada ga itace mai tauri ita ce kimanin shekara guda ga kowane santimita biyu da rabi na kauri. Katakon da ya sha wannan jira shi ne « seasoned ». Daga katako aka kai siffar ga mutum: sojan da ya ga yaƙi, matuƙin jirgin da ya ga guguwa, duk wanda ya goge da aiki.

Wannan ma'ana ta sabo tana da wani babi mai nauyi. Turawan Ingila da suka zauna Birjiniya daga 1607 sun kira rashin lafiyar da ke kama sabon zuwa a shekararsa ta farko « seasoning ». Wanda ya tsira an ce ƙasar ta karɓe shi. A gandayen rake na Jamaika da Barbados kuma, masu bayi sun ɗora kalmar bisa lokacin da ake horar da Baƙar fatar da aka sauke daga jirgi: a sa masa sabon suna, a tilasta masa sabon harshe da aikin gandu, jikinsa kuma yana fama da cututtukan da bai sani ba bayan wahalar teku. Wannan lokaci yakan kai shekara guda har zuwa uku. Cikin jawabin da ya yi gaban majalisar Ingila a watan Mayu na 1789, Wilberforce ya ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen suna mutuwa a wannan zango, kuma wannan na cikin hujjojin da aka yi ta maimaitawa har aka hana cinikin a 1807. Kalmar da ake faɗa wa katako ita ce aka faɗa wa ɗan Adam, kuma ta ɓoye mutuwar cikin lafazin da ke nuna kamar jira ne kawai ake yi abu ya nuna. Mai fassara tarihin wannan zamani bai kamata ya ce « sabawa » ya yi shiru ba; ya wajaba ya faɗi abin da ake yi wa mutanen.

6. Lokutan da jama'a ta yanka wa kanta

Tun a tsakiyar zamanai ana cewa nama ko kifi ko ɗan itace yana « in season », wato lokacinsa ne, ko « out of season », ba lokacinsa ba ne. Ana faɗar haka ma ga dabbar da ke neman barbara. Tsohuwar ma'anar « lokacin da ya dace » ce kuma ake yawan samu cikin fassarar Baibul ta 1611, ita ce kuma ke cikin siffar « seasonable », abin da ya zo a kan kari. Daga baya doka ta shigo ta yanka wa wasu lokutan iyaka da kwanan wata. Dokar farauta ta 1831 ta tsaida lokacin da aka hana harbin wasu tsuntsaye domin su hayayyafa. Daga wannan tsari ne ake da « close season » da « open season ». Harbin tsuntsun da suke kira « grouse », mai kama da fakara, yana buɗewa ranar 12 ga Agusta.

A ƙarni na 18 da na 19, in aka ce « the Season » ba tare da ƙarin bayani ba, ana nufin watannin da manyan masu ƙasa ke barin gidajensu na karkara su tare a Landan saboda zaman majalisa. Cikin watannin nan ake liyafa da raye-raye, ake gabatar da ƴan matan manyan gidaje a fada, ake ƙulla aure da ƙawancen siyasa. In an buɗe farauta a watan Agusta sai kowa ya watse. Sarauniya Elizabet ta Biyu ce ta dakatar da gabatar da ƴan mata a fada a 1958. A nan kalmar ta rabu da ruwa da rana, ta koma sunan lokacin da wata harka ke ci.

Da wannan ma'ana ta bazu. Gidajen wasan kwaikwayo da wuraren shaƙatawa na bakin teku suna da nasu, tare da « high season » da « low season » na masu otel. Jiragen ƙasa na ƙarni na 19 sun yaɗa « season ticket », tikitin da ke aiki na tsawon wani lokaci. Gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda aka kafa a 1888 da ƙungiyoyi 12, ta sa kalmar ta zama ma'aunin shekarar ƴan wasa. Gidajen talabijin na Amurka, masu fara sababbin shirye-shirye a watan Satumba, suka kira jerin shekara guda « season », inda mutanen Ingila suka daɗe suna cewa « series ». Wasu harsuna sun aro kalmar Faransanci domin wannan ma'ana kaɗai, suka bar tasu ga yanayi: Jamusanci yana da « Jahreszeit » da « Saison », Turkanci yana da « mevsim » da « sezon ».

7. Kalmar a ƙasashen zafi da batun fassara

Da Turawa suka isa ƙasashen da shekararsu ba ta rabu huɗu irin tasu ba, kowane harshe ya yi dabararsa. A tekun Indiya sun tarar da kalmar Larabci « mawsim », lokacin da iska ke ba jirage damar tafiya. Ta biyo ta bakin mutanen Fotugal ta zama « monsoon » a Ingilishi, « mousson » a Faransanci. Ita ce kuma « mevsim » ta Turkanci. Faransawa sun kira damanarmu « hivernage », kalmar matuƙan jirgi mai nufin lokacin da jirage ke fakewa a tasha saboda munin yanayi, ko da yake babu sanyin « hiver » a cikinta. Ingilishi bai sha wannan wahala ba, domin « season » ba ta taɓa ɗaurewa ga lamba huɗu ba: sai aka ce « rainy season » da « dry season ».

Wannan ya kawo mu ga Hausa. Muna da damana, kaka, ɗari ko hunturu, rani da bazara, kuma ƙidayarsu takan bambanta daga yanki zuwa yanki. Jera su gaban sunaye huɗu na Turai ɗaya bayan ɗaya kuskure ne da ke yawo cikin darussa. Bazara ita ce tsananin zafi gab da saukar ruwa, « spring » kuwa lokaci ne mai sanyi-sanyi da tohon itatuwa. Ɗarinmu busasshe ne mai ƙura, « winter » na Ingila kuwa jiƙaƙƙe ne mai gajeren yini. Gara a bayyana wa ɗalibi yadda kowane yake a ƙasarsa da a ba shi sunan da zai sa ya zana hoton da ba shi ba ne.

Game da kalmar gaba ɗaya, « yanayi » ta riga ta ɗauki nauyin ma'anar « climat », kamar cikin « sauyin yanayi », don haka ƙara mata wani kaya yana kawo ruɗani. « Lokaci » kuwa ta yi faɗi, amma ita ce ta dace da « in season », domin « lokacin mangwaro ne » ya isa. Abin sha'awa shi ne abin da masu magana suka yi da kansu. Ƴan jarida na sashen wasanni suna cewa « kakar wasa », na siyasa suna cewa « kakar zaɓe »: sun ɗauki sunan lokacin girbi sun faɗaɗa shi, yadda mutanen Gol suka yi da sunan shibka. Masu shirya fina-finai masu dogon zango kuma, ban da aron « sizin », suna cewa « zango na biyu », « zango na uku », wato wurin da ayari ke yada kaya, wanda shi ne hoton da ke cikin « statio » da ta ba da « stagione » da « estación ». Babu aro tsakanin harsunan nan a wannan wuri. Hanya ɗaya ce tunanin manomi da na matafiyi suka bi a wurare biyu.

8. Kammalawa

Mun ga cewa « season » ta fara ne a matsayin sunan aikin shibka, ta zama sunan lokacin shibka, sannan sunan duk lokacin da ya dace da wani abu. Daga wannan gindi reshe ɗaya ya tafi ga sassan shekara, wani ga nuna da ɗanɗano da gogewa, wani ga lokutan da doka ko al'ada ta yanka. Ga malamin Ingilishi, shawararmu ita ce ya fara da gindin kafin rassan, domin ɗalibin da ya san « lokacin da ya dace » zai iya gano ma'anar girki da ta katako da kansa. Ga mai fassara kuma, kada ya nemi kalmar Hausa guda da za ta ɗauki duka: sunan lokacin da kansa in ana maganar shekarar manomi, « kaka » in ana maganar wasa ko zaɓe, « zango » in ana maganar shiri mai sassa, « kayan ɗanɗano » a madafa, « busarwa » a wurin kafinta, « gogagge » ga mutum. Abin da ya rage a yi shi ne bin tsofaffin jaridu da faya-fayan rediyo na Hausa domin tantance lokacin da « kaka » da « zango » suka soma ɗaukar waɗannan sababbin ma'anoni, aikin da zai dace da kundin ɗalibi na ƙarshen karatu.